Ciwon ƙirji ba kullum ne olsa ba, kuma ba kowace kwamfuta ce ke duba zuciya ba

A Kagarawal, kamar sauran unguwannin Gombe, idan magidanci ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, sunan da ake fara raɗa wa ciwon shi ne olsa. Sai a aiki yaro kemis ya sayo maganin gyambon ciki. Wani lokacin an dace. Amma nauyin da ke danne ƙirji idan mutum ya hau tudu ko ya yi sauri don ya riski jam'i, ya lafa idan ya huta, wani sa'in ya gangara hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan zuciya ce ke kukan jini bai ishe ta ba.

Zuciya tana da jijiyoyinta na kanta da ke ciyar da ita. Hawan jini, ciwon suga, taba da yawan kitse a jini suna sa wani daskararren maiƙo ya taru a bangonsu har hanya ta ƙuntata. A da an ɗauka wannan cutar Turawa ce. Abin da likitocin Zariya suka fi rubutu a kansa a shekarun 1970 shi ne ciwon zuciyar masu jego, wanda suka danganta da kunun kanwa da wankan jego. Yanzu zamani ya juya. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da dubu da suka kamu da bugun zuciya a asibitocin Najeriya, ya nuna da yawansu sun iso asibiti a makare.

Abin da ke ba likita wahala shi ne, ganin ƙunci a hoto bai isa ya yanke hukunci ba. Bututun da ke kawo ruwan Dadin Kowa yana iya yin tsatsa a ciki amma famfo na zuba da ƙarfinsa, wani kuma tsatsar ba ta kai haka ba ga ido amma ruwa sai ɗiga. Tambayar ita ce, jinin da ke wucewa ya wadatar? A shekarun 1990 wasu likitoci biyu, Nico Pijls na ƙasar Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam, suka tsara awon da ake kira FFR. Ana zura siririyar waya ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har zuciya, a auna ƙarfin jini kafin ƙuncin da bayansa. Idan awon ya sauka zuwa 0.80 ko ƙasa, ƙuncin na tauye tsokar zuciya, ana iya buƙatar buɗe jijiyar. Idan ya haura, galibi magani da gyaran ci sun isa.

Sabon abin shi ne manhajar da ke fitar da wannan lissafi ba tare da an zura wa mutum waya ba. Ana ɗaukar hoton zuciya da na'urar CT bayan an yi allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyi. Manhajar ta gina siffar jijiyoyin mutumin, ta lissafa yadda jini ke gudana a kowane reshe. Wadda ta fi shahara ta kamfanin HeartFlow ce, wanda masana daga Jami'ar Stanford suka kafa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014, Ingila kuma ta ba asibitocinta shawarar amfani da ita a 2017. Amfaninta babba shi ne tana raba mutane da yawa da aikin zura waya da ba su buƙata.

Sai dai a lura da sharuɗɗanta. Tana buƙatar na'urar CT mai ƙarfi da hoto tsaf, har akan ba mutum magani don bugun zuciyarsa ya lafa kafin a ɗauka. Mai ciwon ƙoda sai an yi hattara da allurar. Ba a yi ta don wanda ciwo ya turnuƙe yanzu ba, kuma likitan zuciya ne ke fassara sakamakon.

Nan ne gargaɗin yake. Akwai masu kafa tebur a kasuwa ko su bi gida-gida da kwamfutar cinya da wani ɗan ƙarfe, su ce ka riƙe na minti ɗaya, sai ga takarda wai jijiyar zuciyarka ta toshe, ga kuma maganin a jakarsu. Damfara ce. Babu ƙarfen da za ka damƙa, babu manhajar waya da za ka ɗora wa yatsa, da za ta ga cikin jijiyar zuciya. Sharrin ya kasu biyu: lafiyayye ya yi asarar kuɗinsa, mai ciwo na gaske kuma a ce masa garau yake, ya koma gida ya kwanta.

Abin da ke kusa da mu ya fi wannan fasaha ceton rai a yau. Awon hawan jini da na suga ba su da tsada. Gwajin ECG da ganin likita suna samuwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma likita ne zai ce ko ana buƙatar hoton CT da inda za a je a yi shi. Idan kuwa ƙirji ya ɗaure ya ƙi saki har minti goma sha biyar, ga zufa, ga numfashi sama-sama, kada a tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye. Masu ciwon suga da mata su ƙara kula, domin nasu yana iya zuwa da kasala da tashin zuciya kawai. A nemi mota ko Keke Napep a nufi sashen gaggawa nan take.