Samanja Mazan Fama: Banufen Da Ya Kai Bariki Gidan Kowa

Duk ɗan Arewan da ya yi zaman Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san irin Hausar nan ta bariki, wadda ake cuɗawa da guntun Turanci. Da ita Alhaji Usman Baba Pategi ya yi suna, har sunan Samanja ya danne nasa na yanka.

An haife shi a 1942 a Pategi, ƙasar Nufe, garin da ke bakin kogin Kwara, tsallake da Jihar Neja. Ɗan gidan sarauta ne, amma sai ya nufi Kaduna ya kama aiki a gidan rediyo. Daga nan ya shiga soja, aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da shi.

To, abin da ya gani a bariki shi ya mayar wasa. Shi ke tsara labarin, shi kuma ke fitowa Samanja, mai tsawa da zare ido, a Rediyon Kaduna da talbijin na NTA. Ƙananan sojansa, irin su Mutuwa Dole, kullum suna cikin laifi. A lokacin kuwa mulkin soja ake yi, talaka in ya hango kaki sai ya sake hanya. Sai ga soja a akwatin talbijin yana fama da rikicin gida da na kuratansa, jama'a na dariya, sojan ma na dariya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ya rasu a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa.