Idan ƙafar yaro ta saki farat ɗaya

Shanyewar gaɓa iri biyu ce a wurin likitoci. Akwai wadda gaɓar ke sandarewa, a ja ta ta ƙi miƙewa. Akwai kuma wadda ke saki, ta yi laƙwas: yaro jiya yana gudu, yau an tsayar da shi ƙafa ta naɗe kamar tsumma. Wannan ta biyun ce ma'aikatan lafiya ke bibiya, domin ita ce kamannin shan inna.

Kakanninmu sun ɗora laifin a kan aljana Inna, shi ya sa har gobe wasu ke fara zuwa wurin mai magani. Ƙwayar cutar kuwa ta kashi take fita, ta koma baki ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Cikin yara 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa har abada. Yawancin sauran suna yawo da ita lafiya lau, suna rabawa. Ke nan ƙafa ɗaya da ta saki labarin unguwa guda take bayarwa.

Ka'idar ita ce, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki kwatsam, a sanar da asibiti mafi kusa. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kamar Mubi ta Arewa ko ta Kudu, zai karɓi kashin yaron sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da faruwar abin, a kai shi ɗakin gwaji cikin ƙanƙara. Ɗakunan suna Maiduguri da Ibadan. Sau da yawa gwaji kan nuna ba inna ba ce. Allurar ɗuwawu da ta taɓa jijiya ma tana sakar da ƙafa, abin da masu yin allura a shagon magani ya kamata su ji.

Wani zai ce ai an gama da inna. Lallai a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Amma cikin yaran Borno da aka samu da ita a 2016 har da na Gwoza, nan gaba da Madagali, bayan rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wani nau'inta kuma yana ci gaba da ɓulla inda yara ba su samun ɗigon baki sosai. Mubi kuwa gari ne na kasuwa, baƙi daga Borno da Kamaru ba sa yankewa.