Ɓera da Mutum: Gado Ɗaya, Makunni Daban

Da wuya a samu maganin zamani da ya iso kanti ba tare da ya fara bi ta jikin ɓera ba. Masana suna da dalilinsu. A shekarar 2002, da aka fitar da daftarin farko na karatun ƙwayoyin gadon ɓera, an gano cewa kusan kashi 99 cikin ɗari nasu suna da takwara a jikin ɗan Adam. Duk da haka, sau da yawa maganin da ya warkar da ɓera yakan gaza a gadon asibiti. To ina gizo ke saƙar?

Amsar tana wajen makunni. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da gado iri ɗaya, amma ba duka take kunnawa ba. Abin da ya mai da farar ƙwayar jini sojan garkuwa shi ne waɗanda ta kunna da waɗanda ta bari a kashe. Makunnan nan wasu guntaye ne na DNA da ke kusa ko nesa da ƙwayar gadon, kuma akwai sinadarai na musamman da ke zuwa su danna su. A 2014, binciken haɗin gwiwa na Mouse ENCODE ya nuna cewa sinadaran da ke dannawa kusan iri ɗaya ne a mutum da ɓera, amma makunnan da yawa sun canza mazauni. Ba abin mamaki ba ne, domin masana sun ƙiyasta cewa zuriyar biyu ta rabu fiye da shekaru miliyan 70 da suka wuce.

Misali mafi bayyana shi ne na bitamin D. Mutum da ɓera duk suna da ƙwayar gadon da ke haifar da katelisidin, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta. A jikin mutum, bitamin D yana kunna ta kai tsaye, abin da ke taimakon ƙwayoyin garkuwa masu suna makurofej wajen yaƙar tarin fuka. Makunnin da ke amsa kiran bitamin ɗin yana zaune cikin wani guntun DNA da ake kira Alu, wanda mutum da dangin birai ne kaɗai ke da shi. Ɓera yana da fitilar, wato ƙwayar gadon, amma ba shi da wannan makunnin. Wanda ya gwada bitamin D a kan ɓera kaɗai zai iya cewa babu wata alaƙa, alhali tana nan.

Ko a jini ma jerin rundunar ya bambanta. A mutum, ƙwayoyin niyutirofil ne mafi yawa, kashi 50 zuwa 70 na fararen ƙwayoyin jini. A ɓera kuwa limfosayit ne suka mamaye, har kashi 75 zuwa 90.

Batun kamannin ɓera da mutum ya jawo muhawara mai zafi. A 2013, wasu masu bincike a Amurka suka wallafa a mujallar PNAS cewa yadda ƙwayoyin gadon ɓera ke amsa ƙuna da rauni bai yi kama da na mutum ba. Ba a jima ba, masana biyu daga Japan, Takao da Miyakawa, suka sake auna bayanan nan da wata hanya dabam, suka ce kamannin suna da ƙarfi. Na farko sun duba ƙwayoyin gado ko da ba su motsa a ɓera ba, na biyu kuwa sun tsaya kan waɗanda suka motsa a ɓangarorin biyu.

Muhalli ma yana taɓa makunni. A 2016, masana a Jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar ɓeran ɗakin gwaji, wanda ya tashi cikin tsafta tsantsa, ta fi kama da ta jariri sabuwar haihuwa. Da suka haɗa shi keji ɗaya da ɓerayen kantin dabbobi masu ɗauke da ƙwayoyin cuta, sai garkuwarsa ta matso kusa da ta baligi.

Saboda haka masana ba su yar da ɓera ba, sun dai canza tambaya. A da sukan duba ko yana da ƙwayar gadon da ake nema. Yanzu, kafin a ɗora magani a kan sakamakonsa, sukan so su san ko makunninta yana inda na mutum yake.