Injekta na mutuwa a Dakoro, garanti na Yamai

Duk mai hulɗa da garejin Dakoro ya san ciwon. Hilux ta fara wuyar tashi da safe, tana karkarwa a tsaye, baƙin hayaƙi na bin ta, da ta shiga rairayi sai ƙarfi ya gudu. A canza injekta, ta yi ƴan watanni lafiya lau, ciwo ya dawo. Mai mota ya ce makanike ya cuce shi, makanike ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari. A ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki. Injektar da ke mutuwa sau biyu sau uku a mota ɗaya, abin da ake ɗura wa motar ne ke kashe ta.

Injin ne ya canza, hanyar man ba ta canza ba. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ da famfon ƙarfe take aiki, babu kwamfuta, kuma tana haƙuri da gazuwal ko da ya ɗan gurɓata. Hilux mai injin D-4D, wadda ta yaɗu tun wajen 2005, tana tunkuɗa mai da matsin da ya haura bar 1,500, ta ƴan kafofi ƙanana ƙwarai. Allurar da ke buɗe su, gazuwal ɗin kansa ne man shafawarta. Ɗigon ruwa ya sa ta yi tsatsa, ƙura kuma ta goge ta har ta daina rufewa.

Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke tace mai a ƙasa, SONIDEP na rarrabawa. Amma motar da ta bar gari ta nufi Bermo, Gadabeji ko kasuwar Sakabal, wani lokaci takan buƙaci ƙarin mai a daji. Sai ganga da bidon. Ka tsaya ka kalli ɗurin: an yanke gorar roba an yi mazurari, an shimfiɗa tsumma a bakinta, iskar hunturu na kaɗawa, yaro ya karkata bidon har ɗigon ƙarshe, wato har da laka da ruwan da suka kwanta a ƙasa. Ganga kuwa ta sha rana, ta sha sanyin dare, sai ta yi gumi daga ciki. Filta ce ya kamata ta tare wannan duka, sai dai ita ce abin da aka fi yi wa rowa: a sayi jabu, ko a wanke tsohuwa a mayar.

To ina garanti? Mafi yawan katkat ɗin ƴan kasuwa na hannu ne, sun shigo ta Kwatano ko Lome, garantinsu ya ƙare tun a ƙasar da suka baro. Sababbin, na gwamnati da ƙungiyoyin agaji, dillalinsu CFAO yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 700. Kuma ƙa'idar garanti a ko'ina ita ce tana ɗaukar kuskuren masana'anta, ba ɓarnar gurɓataccen mai ba. Saboda haka gyaran kan ƙare a garejin gari, inda sau da yawa babu na'urar shigar da lambar sabuwar injekta cikin kwamfutar mota, kuma ba a sauke tanki a wanke, ba a duba famfo. Sabuwar ta gaji dattin da ya kashe tsohuwar.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin kaya ba, ko da yake rufe iyaka da Benin a 2023 ya tsawaita hanyar samun su. Injekta mai yoyo tana iya narka fistin, inji ya tafi gaba ɗaya. Mota ɗaya ta kwanta ranar kasuwa, makiyayin kwarin Tarka ya rasa abin kai dabbobinsa. In motar ɗaukar marasa lafiya ce, mai naƙuda ce za ta jira, kuma wannan shi ne ya fi damuna.

Shi ya sa direbobin daji ke riƙe da tsohuwar 1HZ, ba don ƙin zamani ba. Wanda ya riga ya sayi D-4D kuma, ƙarin filta mai raba ruwa da mai, da zubar da ruwan da ta tara kafin kowace doguwar tafiya, ba su kai kuɗin injekta ɗaya ba, alhali motar huɗu gare ta.