Keken Ɗinkin Farko Na Yaro: Na Wasa Ko Na Gaske?

A dogon hutun bara ne 'yata, mai shekara tara, ta soma tsinto ƙyallayen atamfa a shagon telan unguwarmu tana ɗinka wa 'yartsana riguna da zare da allura. Da na ga an shafe wata biyu abin bai fita ranta ba, sai na yanke shawarar saya mata keke. A nan ne na tafka kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san akwai iyaye da dama da ke gab da maimaita shi.

Ɗan keken roba na sayo, mai aiki da batir, irin wanda ake jerawa cikin kayan wasan yara. Kuɗinsa kaɗan ne, ga shi da ban sha'awa a ido. Amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A rana ta uku yarinyar ta kammala wata 'yar jaka, ta ja bakin zare don ta tsinke shi, sai ɗinkin ya warware tun daga farko har ƙarshe. Ba ta ga laifin keken ba. Cewa ta yi, "Baba, ni ban iya ba." Ta tura shi ƙarƙashin gado, ta kuma daina zuwa tsintar ƙyalle. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar wannan magana ba, domin yaro ba ya iya bambance gazawar kayan aiki da tasa gazawar.

Telan ne ya warware mini matsalar. Ya juya keken ya ce, "Dakta, ai wannan ba shi da zaren ƙasa." Keken gaske da zare biyu yake aiki, na sama da ke bin allura da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro, suna harɗewa a tsakiyar yadi, shi ya sa ɗinkin ke riƙewa. Wannan dabara ce Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, kafin Isaac Singer ya fito da nasa keken a 1851. Shi kuwa irin wanda na sayo zare ɗaya yake sarƙawa, kamar bakin buhun shinkafa, wanda ja ɗaya ke kwance shi. Kamfanin Singer ma ya yi wa yara irin wannan tun 1910, sai dai nasa na ƙarfe ne da ake ɗaurewa a gefen tebur.

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina sha'awar yadda Bahaushe ya haɗa keken hawa da keken ɗinki da keken rubutu a kalma guda. Akwai darasi a ciki. Babu uban da zai koya wa ɗansa hawa da keken da tayarsa ba ta juyawa, amma ga ni na yi haka da na ɗinki.

To, wane ne ya dace da yaro? Na lantarki yana da gudu fiye da hankalin ɗan shekara tara, ga kuma halin wutarmu da kowa ya sani. Na ƙafa yana bukatar doguwar ƙafa da ƙwarewa, domin da zarar taku ya rikice sai ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe. Na hannu shi ne zaɓina. Yaro ne ke da iko da saurinsa, kuma da ya saki mariƙin allura ta tsaya. Aibinsa shi ne hannun hagu kaɗai ke saita yadi, saboda haka layin farko ba zai miƙe ba. Wannan ƙaramin farashi ne idan aka auna shi da allura a yatsa.

Ba lallai sai sabo ba. Tsohon kan Singer ko Butterfly, wanda ake yi a ƙasar Sin, yana da amfanin da mutane ke mantawa da shi: kowane mai gyara ya san shi, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Sai dai mai saye ya tafi da tela da kuma ƙyalle, a gwada a gabansa, a duba bayan ɗinkin ko zare ya taru. Allura mai lamba 14 ta wadatar wa atamfa. Kada kuma a bar yaro shi kaɗai da keke a makonnin farko.

Tsohon Butterfly na saya daga baya. Telan ya sa ta yi mako guda tana bin layukan takardar littafin makaranta da allura babu zare, abin da ya ƙona mata rai ƙwarai. Jiya ta miƙo mini rigar matashin kai. Ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan inci guda. Na ja bakin zaren a gabanta, ɗinkin bai motsa ba.