Zoben wutar da ke share dattin ƙarfe

Tun watan Agustan 2023, kamfanin da ke son fitar da jameniyam ko galiyam daga Sin sai ya nemi izinin gwamnati. A Disamban 2024 kuma Beijin ta hana sayar wa Amurka su. Ma'adinan biyu na shiga wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet, da tabarau na ganin dare, da faifan hasken rana na taurarin ɗan Adam. Sai dai haƙo su ba ya wadatarwa, sai an tsabtace su matuƙa.

Matsalar ta fito fili bayan an ƙirƙiro tiranzisto a 1947 a cibiyar Bell Labs da ke New Jersey. Datti ƙalilan a cikin jameniyam ya isa ya ɓata yadda lantarki ke ratsa shi. Wani ma'aikacin cibiyar, William Pfann, ya wallafa mafita a 1952.

Ana shimfiɗa sandar ma'adinin a cikin bututu, a zagaye ta da siririn zobe mai zafi. Daidai wurin da zoben yake ne kawai ke narkewa, wato a digiri 938 ga jameniyam. Sai a riƙa jan zoben sannu a hankali zuwa ɗaya bakin. Galibin datti ya fi zama cikin ruwan ƙarfe fiye da daskararre, don haka abin da ya sandare a baya yana fita da tsabta, dattin kuma ya bi narkakken wurin. Haka ruwan teku ke yi idan ya zama ƙanƙara: yawancin gishirin a ruwa yake saura. Ana maimaita zagayen sau da yawa, sannan a yanke bakin da dattin ya taru.

Da wannan dabara aka rage datti zuwa kashi ɗaya cikin biliyan 10, kamar tsakuwa guda a cikin ɗaruruwan buhunan hatsi.

Silikon ya fi wuya, domin sai digiri 1,414 yake narkewa, kuma yana kwasar datti daga mazubinsa. Henry Theuerer, shi ma na Bell Labs, ya tsayar da sandar tsaye babu mazubi, narkakken wurin na riƙe da kansa tsakanin sama da ƙasa. Har yau irin wannan silikon ake sa wa na'urorin da ke sarrafa lantarki mai ƙarfi.

Shi ya sa ƙasar da ke da ma'adini amma ba ta da matata ke sayar da shi da arha, ta sayo shi da tsada.