Kafin a zuba siminti a tsohon gida, a fara bin sawun ruwa

Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, kuɗin wake da gyaɗa sun shigo hannu, magidanta a Rawayau da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma kan waiwayi gyaran gida. Daɓen ɗakin Inna ya farfashe, tsakar gida ta yi kwari, gindin katanga ya zaizaye. Kuɗin birkila da lebura sun yi nauyi, shi ya sa maigida da samarin gidansa ke ɗaukar shebur da kansu, kuma hakan abin yabo ne. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa da buhun siminti yake fara lissafi, alhali ruwan da ya kashe daɓen farko yana nan, zai dawo da damina.

Tsohon gida yana da wata matsala da sabo ba shi da ita. Shekara da shekaru layin waje yana tashi: toka, shara, ƙasar katangar da ta faɗi, cikon maƙwabta. A hankali sai waje ya fi cikin gida tudu, rariyar da kakanni suka huda ta koma ƙasa da layi. Ruwan Agusta ya sauko daga indararo ya rasa mafita, ya kwanta a tsakar gida, ya nutse, ya bi ƙarƙashin ɗakuna. Kwana goma ko ƙasa da haka sun ishi sauro ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo a irin wannan kwanciyar ruwa. Saboda haka aikin na rani ne, amma bincikensa na damina ne. Mai niyyar gyara ya fito lokacin da ake tsuga ruwa, ya ga inda yake taruwa da inda yake son bi, ya kafa turaku.

Awo ba ya bukatar injiniya. Siririn tiyo mai haske, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa: ruwan da ke baki biyun kullum a daidai yake tsayawa, da shi za a ja layi a jikin bango. Daga nan a ba tsakar gida gangare na kamar santimita 2 a kowace mita, wato fili mai mita 10 ya sauka da santimita 20 kafin ya kai rariya. Daɓen ɗaki kuma ya ɗara tsakar gida da aƙalla santimita 15. Idan rariya ta nutse, a huda sabuwa a sama, a cike fili da burji, kuma a yi magana da maƙwabci tun kafin ruwan ya isa ƙofarsa, domin rigimar rariya ta raba zumunci da yawa.

Iyayenmu mata sun san daɓe sani na gaske. Aikin gayya ne. A shimfiɗa burji, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa har ƙasa ta daina amsa bugun da taushi, ta koma ƙara kamar dutse. Bugun nan shi ne sirrin, domin yana korar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har su cuɗe da juna. Sannan a kawo makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja, a shafe daɓen, a bari ya sha, a sake. Sinadarin da ke cikin makuba dangin wanda majema ke samu ne a bagaruwa. Yana kama jar ƙasa ya ƙara mata tauri, ya rage mata shan ruwa. Irin wannan daɓe yana da sanyi a bazara, kuma idan wani gefe ya fashe ana faci a wuni ɗaya ba tare da an sayi komai ba. Rauninsa shi ne yana son kulawa duk shekara, ga ɗorawa tana ƙaranci a gonaki, ga matan da suka iya aikin suna tsufa.

Yabon daɓen gargajiya ba ya nufin siminti laifi ne. A jihar Coahuila ta ƙasar Meziko, gwamnati ta fara zuba wa talakawa siminti a ɗakunan da daɓensu ƙasa ce tsurarta a shekarar 2000. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa inda aka rufe ɗakuna gaba ɗaya, tsutsar ciki a ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin ɗari, gudawa kuma da kashi 49. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Ɗakin da yara ke kwana ya cancanci daɓen da za a iya wankewa, kuma idan kuɗi bai kai ko'ina ba, daga nan ya kamata a fara, kafin zaure.

Sai dai siminti da ginin ƙasa ba sa jituwa sai da dabara. Daɓen gargajiya yana barin danshi ya fita ta samansa. Idan aka rufe shi da siminti, danshin sai ya nemi hanya ta gefe, ya hau bango. Nan ne ake ganin gindin bango ya yi duhu, farin gishiri ya fito, ƙasa tana marmashewa. Idan kuma aka yi wa bangon filasta ciki da waje, sai ya riƙa ruɓewa a ɓoye, har ranar da filastar za ta ɓantare a ga rami a bayanta. A ganina bangon ƙasa a bar shi da yaɓen ƙasa da makuba, siminti ya tsaya a ƙasa.

Ga mai zuba kankare da kansa: a kwashe tsohon daɓen da ya yi laushi, a tono gidan gara idan akwai, a cike da burji kaɗan-kaɗan ana dannewa, domin siminti ba ya gyara ƙasar da ba ta zauna ba. A shimfiɗa leda mai kauri, bakunanta su hau kan juna. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗaukar kwanon sarki 6 na yashi da 12 na tsakuwa, kuma ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, a kaurin inci 3, zai ci buhu 4 zuwa 5. Yashin ya zama na rafi, wanda ba laka a cikinsa. Kada a cika ruwa a kwaɓi don aiki ya yi sauƙi, domin kwaɓi mai ruwa-ruwa shi ke ba da daɓe mai ƙura.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan an gama. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma iskar hunturu tana zuƙe ruwan cikin sa'o'i. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta bayi safe da yamma na kwana 7 aƙalla. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wanda ke sayen ruwa a kura ya sa kuɗin wannan bayi cikin lissafi tun farko.

Tsakar gida kuwa ba na ba da shawarar a shafe ta duka. Siminti yana tara zafin rana ya riƙa sakinsa da dare, lokacin da iyali ke shimfiɗa tabarma a waje, kuma duk ruwan da ƙasa ta saba sha sai ya kwarara layi. Ya isa a zuba a wurin wanke-wanke, bakin makewayi, ƙarƙashin indararo da hanyar rariya. Sauran fili a yi masa daɓen burji, a bar wa bedi ko mangwaron gida ƙasa a gindinsa, kamar mita ɗaya ta kowane gefe.